Kofi Ɗaya Na Taki

Litinin, 3 ga Maris
Shekara goma sha huɗu ina rubuta shafin lambu a jaridar nan, ban taɓa kashe wa kowa ko ganye ba. Yau na buɗe, wai a zuba takin zamani kofi ɗaya a bokitin ruwa a shayar da yabanyar tumatir. Cokali na ce! Kofi ai wuta ne.

Talata, 4 ga Maris
Na tsaya a kan mai buga rubutunmu, wadda muke kira Sauri, na wanke ta tas a gaban kowa. Ta ce, "Yaya, abin da na gani na buga." Na ce ta sayi tabarau. Edita ya ba ta takardar gargaɗi. Ko a jikina.

Alhamis, 6 ga Maris
Waya goma sha ɗaya. Duk zagi.

Asabar, 8 ga Maris
Wani tsohon direba ya zo har gida da daro. Yabanya ɗari uku, sun ƙone ƙurmus. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. "'Yata, matata ta ce kofi ya yi yawa. Na ce, kin fi mai jarida sani ne?" Ya ajiye daron ya tafi. In yi yaya da shi?

Lahadi, 9 ga Maris
Na tono takardar da na ɗauki hotonta na tura wa Sauri, don in kai wa edita hujja.
Kofi. Rubutuna, alƙalamina.
Maigida ya ce, "To, yanzu fa?" Na ce ya sha shayinsa.

Litinin, 10 ga Maris
Shi editan me yake karantawa ne wai?

Laraba, 12 ga Maris
Na kai gyara. Edita ya so a ce kuskuren bugu ne, na ce a sa sunana, a kuma yaga takardar gargaɗin nan. Na tsaya gefen teburin Sauri da niyyar in ce "yi haƙuri". Sai na ce furen tagarta na son ruwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Cokali ko kofi, Yaya?" Ofis ya kwashe da dariya. Mutanen banza.

Asabar, 15 ga Maris
Na kai wa direba yabanyata, dama sun yi mini yawa. Matarsa ba ta karatu. Da murfin kwalba take auna taki, kuma sai ta murza ƙasa a tafin hannu ta shinshina kafin ta ba da ruwa. Tumatirinta... to. Ba zan ce ta fi ni ba. Na dai ari biro a wajen mijinta, na rubuta yadda take yi.