A Goge Layin Nan Daga Fayil Ɗin Yaron

Zuwa ga Shugaban sashen horar da likitocin yara, a asibitin koyarwar da aka tura mu a Manchester.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka.

Ni ma'aikaci ne a wani shagon nama a Small Heath, Birmingham. Karatuna bai wuce firamare ba. Da Hausa na rubuto, don da ita nake iya faɗin magana ba tuntuɓe. Ranar da muka zo wurinku an ce an daina kawo tafinta. To wannan karon ku za ku nema.

Yarona ɗaya ne, shekararsa bakwai. Tun rasuwar mahaifiyarsa, lokacin muna Manchester, ya fara fitsarin kwance. Mu biyu ne a gidan. Ni ke wanke zanin gado kafin in fita aiki, in shanya shi a kan ƙofar bayi, don a garin nan ba ranar da za ta busar da shi. Nas ɗin makarantarsu ta ce za ta taimaka, kafin wata ya zagayo aka ce kansil, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, har da ita. Muka yi ta jiran asibitinku, har layi ya zo kanmu.

Na farko, godiya. Likitar da ta gan mu ta san aikinta. Ni da nake hana shi ruwa tun azahar, ita ta ce kuskure ne, ya sha sosai da rana. Ta ce ba laifinsa ba ne. Na ji daɗin wannan, domin inda na taso ana ɗora wa mai fitsarin kwance tabarmarsa a ka, yara su bi shi da waƙa. An yi mini. Ban taɓa yi masa ba.

Na biyu, an tambaye ni ko ɗalibai uku za su iya zama su koya. Na ce bismillah, ai da haka ake zama likita. Amma da yake babu tafinta, yaron aka sa. Ɗan shekara bakwai, a gaban baƙi huɗu, yana fassara wa ubansa tambayar sau nawa yake jiƙa katifa a mako. Takalminsa yake kallo har muka fito. Ɗalibanka uku suna ta rubutu, babu wanda ya lura da wannan.

Na uku, shi ne ya sa na ɗauki biro. Takarda ta biyo mu gida, kuma shi ke karanta mini takardu. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya ninke, ya ce ba komai a ciki. Sai wani bawan Allah a masallaci ya karanta mini. An rubuta cewa uban bai kira yaron da sunansa ko sau ɗaya ba, bai dube shi ba, bai yabe shi ba, don haka a sa ido a kan gidan.

Ranka ya daɗe, ɗalibin da ya rubuta bai yi ƙarya ba, idonsa ya gani daidai. Tambaya ce bai yi ba. Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Abba nake ce masa. Da an tambaye ni, numfashi ɗaya ya isa in bayyana.

Da aikina ya ƙare muka dawo Birmingham, layin nan da aka rubuta a kaina ya biyo mu cikin fayil. Sabon GP, wato likitan unguwa, ya duba kwamfuta, ya dube ni, ya tambayi yaron ko yana jin tsoron gida. Tun daga ranar ya ƙi komawa asibiti, har na'urar da aka ce za a ba shi, mai ƙara idan ya fara jiƙewa, ba mu je karɓa ba. Makon jiya na tsinci zanin gado uku a cushe bayan kabad. A tunaninsa duk safiyar da ya jiƙe ana rubutawa a kaina, idan rubutun ya taru a zo a ɗauke shi. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan, shi ya sa kai nake faɗa wa.

Roƙona: a goge layin nan, a turo takarda da ke cewa an goge, da Turanci mai sauƙi, don shi zai karanta. Kada a sake sa yaro ya fassara ciwon kansa. Ɗalibin kuma kada a hukunta shi, a dai koya masa ya tambaya kafin ya rubuta.

Ni ma na koyi nawa. Duk safiyar da gado ya kwana a bushe, ina duban idonsa in ce madalla. Sunan dai har yanzu bakina bai iya ba, kuma shi bai taɓa nema ba sai da ya karanta takardarku.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa ɗalibanka albarka, ya raya naka 'ya'yan.

Wassalam.

Mahaifin Abba,
Small Heath.