Baba Ya Ƙi Ajiye Goji

Zhongning, 24 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Baolin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yayarka ce ke gaishe ka, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya lau, kai da iyalinka da abokan aikinka na shagon taliya. Allah ya sa wa tukunyarka albarka, ya tsare ku daga zafin Guangzhou. Mu nan muna cikin tsinkar fari ta goji, jajayen 'ya'yan itacen nan namu. Bana gonar ta yi kyau, rassa sun sunkuya da 'ya'ya, rufin gida da tsakar gida duk sun yi jajir da shanya. Ƙafar Inna da sauƙi. Maigidana Dehai yana gaishe ka. Gwaggo Guihua ta zo taya mu aiki, kuma bakin nan nata yana nan yadda ka bar shi.

Sau biyu ina kiran ka a wayar shago a makon nan. Na farko hayaniya ta hana ka ji na. Na biyu kuwa ko sauraro ba ka yi ba, ka ce min a ƙara wa Baba goji a romon rago zai warware, ka ajiye waya. Na ji haushinka ƙwarai, amma daga baya na ga ba ni da bakin zagin ka, don abin da ka faɗa shi na yi wata huɗu ina yi da hannuna. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ƙanin Dehai zai hau jirgin ƙasa gobe da sassafe, shi zai miƙa maka. Ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, taliya ba za ta gudu ba.

Ranar da aka sallami Baba a Yinchuan bayan aikin zuciya, kai ka riga ka koma. Likitan ya ba mu ƙwayar tsinka jini, ya ce tunda an sa masa ƙarfe a zuciya zai sha ta kullum har ƙarshen rai. Sai ya tambaye ni ko Baba yana shan wani magani, ko da na gargajiya ne. Na ce masa a'a, ko ɗaya. Baolin, wallahi lokacin da nake faɗar haka filas ɗin Baba yana hannuna, cike da ruwan goji da jar magarya. Ban yi ƙarya da gangan ba. Wa zai kira goji magani a garin nan? Abin da muka buɗe ido muka gani a kunun gero, a romo, a kofin shayi, a aljihun kowane tsoho. Da ya tambaye ni ko Baba yana cin gishiri, da na fi saurin tunawa.

Da muka dawo gida, kowa ya nuna ƙaunarsa da abin da ya iya. Ka san maganar tsofaffi, goji yana wanke ido, yana gyara hanta da ƙoda, yana mayar da jinin wanda ya kwanta ciwo. Inna tana zuba masa tafi guda a kunun safe. Ni ina dafa masa romon rago da shi sau uku a mako, in cika masa shayin kayan haɗi takwas har sai goji ya rufe riɗi da zabibi. Gwaggo ta fi mu duka, ta dafa busasshe ta tace ta ƙafe shi ya yi kauri kamar zuma, ta ce ya riƙa lasar cokali biyu safe da yamma. Maƙwabta ma duk wanda ya zo dubiya da ƙunshinsa yake zuwa. Da ɗanye ya fara nuna kuwa, sai Baba ya koma bin layin gona da sandarsa, yana tsinka yana jefawa a baki. Muna ta murna wai ya samu ƙarfi.

Wajen mako uku da suka wuce na fara ganin baƙin tabo a damtsensa, irin baƙin da goji ke yi in an juya shi da hannu yana kan shanya. Na tambaye shi, ya ce ƙofa ce ta buge shi. Kwana biyu na ga wani a ƙaurinsa. Inna ta raɗa min cewa in ya kuskure baki wajen alwala ruwan ja yake fitowa. Ranar Juma'a haɓo ya tsinke masa a masallaci, har liman ya sa aka rako shi gida da tsumma a hanci. Sannan ƙayar goji ta soke shi a yatsa, ƙayar da ta soke mu sau dubu tun muna yara, jinin ya ƙi tsayawa tun hantsi har azahar. Nan na ce ruwa ba ya tsami banza.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibitin gunduma. Wata likita muka samu, sunanta Lu, ba 'yar nan ba ce. Ta auna jininsa, ta daɗe tana kallon takardar, ta ce ya tsinke fiye da kima. Ita ba ta tambaye ni magani ba. Cewa ta yi in lissafa mata duk abin da ke shiga bakinsa daga asuba zuwa kwanciya. Ina faɗa tana rubutawa, da na kai kan cokalin Gwaggo sai ta ajiye biro. Ta ce ba za ta rantse ba, amma an sha ganin goji mai yawa ya haɗu da wannan ƙwaya ya ƙara mata ƙarfi, har jini ya riƙa zuba inda ido ba ya gani. Ta rage masa ƙwayar, ta ce ya bar goji gaba ɗaya, mu dawo awo bayan kwana uku. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce in ya yi kukan ciwon kai, ko hannu ya yi masa nauyi, ko harshe ya karye, kada mu tsaya neman takalmi.

 Muna isa gida Baba ya zauna a kan kujerarsa ta tsakar gida, ya ɗebi tafi guda daga shanya ya watsa a baki, ina tsaye. Ya ce shekara hamsin da biyu yana noman itacen nan, ubansa ya kai casa'in da uku yana karanta Alƙur'ani ba tabarau saboda shi, yau kuma yarinyar da ba ta taɓa tsinkar ƙwaya ɗaya ba za ta ce masa guba ne. Na ce ba ta ce guba ne ba, haɗuwarsu da ƙwayar ce matsala. Sai ya dube ni ya ce, "To a bar ƙwayar. Ita ce baƙuwa a gidan nan." Na tuna masa cewa in ya bar ta jini zai daskare a kan ƙarfen zuciyarsa. Ya ce ashe ko ta ina an tare hanya, to gara ya tafi da ɗanɗanon gonarsa a baki.

Gwaggo kuwa ta samu abin yi. Ta ce na je gari na sayo tsoro, wai tun ina ƙarama haka nake, in kaza ta yi tari sai na kira liman. Ta ce jinin da ke fita mataccen jini ne goji ke korowa, a bar shi ya fita. Na mayar mata da magana fiye da yadda ya kamata, Allah ya yafe min, yanzu ba ma gaisawa sai a gaban Baba. Inna ta yi min alkawari ta daina, shekaranjiya na buɗe tukunyar kunu na ga jajayen ƙwayoyin goji a ƙasa, ta tura su da ludayi don kada in gani. Ta fashe da kuka ta ce ita ba ta san yadda ake jinyar mutum ba tare da shi ba. Na ɓoye kwalbar Gwaggo, na kwashe na kicin. Amma ka faɗa min, yaya ake ɓoye goji a gidanmu a watan Yuni? Kwana ukun da likita ta ce sun zama takwas, bai koma awo ba.

Jiya da la'asar ya ce kansa yana sara. Baba, wanda ko ranar da aka yanka ƙirjinsa bai ce wayyo ba. Na kawo masa shayi, ya sa hannun hagu zai ɗaga murfin kofin, murfin ya suɓuce. Ya sake ɗauka ya sake suɓucewa. Ya yi dariya ya ce murfin ne ya tsufa. Dehai ya fita da gudu ya kawo mota har ƙofar gida, muka yi roƙo, muka yi faɗa, na durƙusa a gabansa. Ya ce ba inda za shi sai an sauke tsinkar fari, wato nan da kwana goma, kuma duk wanda ya ɗauke shi da ƙarfi bai yafe ba. Dehai suruki ne, ba zai iya cicciɓar sa ba. Ni kuma ka san matsayin maganata a wurinsa.

Kai kaɗai ka rage. Kai ka sa hannu a takardar aikin, kai ya riƙe wa hannu a ƙofar ɗakin tiyata ya ce zai bi duk abin da likita ya ce. A waya zai ce maka lafiyarsa lau, har ya tambaye ka ciniki, don haka kada ka ɓata lokacin kira. Ka rufe shagon ko ka bar wa ƙanin matarka, ka hau jirgin saman da ya fara tashi. Tsoro nake ji, Baolin, tsoron da ban taɓa ji ba. Ni na amsa wa likitan farko, kuma in wani abu ya faru ban san yadda zan ƙara ɗaukar kwando in shiga gonar nan ba.

Ka gaida min matarka Lanying, ka ce mata ta yi haƙuri da nauyin da zan bar mata. Ka gaida surukinka Malam Ding da mutanen gidansa. Inna tana sa muku albarka, ba ta san na rubuta ba. Kada ka tsaya sayen tsaraba. In da hali ka taho da 'yarka Aishe, ko da makaranta za su yi ƙorafi. Yau da safe Baba ya tambaye ta sau uku, sau biyu a ciki ya kasa kamo sunanta.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi.

Yayarka,
Shulan