Ƙofar da ta koma gabas

Laraba da dare, Illo

Na kasa cin tuwo. Wata huɗu ni da abokin aikina Sanusi muna zanen zauren baƙi na tsohuwar ganuwa, ginin ƙasa irin na da, da azara da zankwaye. Yamma na sa ƙofar ta kalla, domin Baba Magini, wanda ya koya mini aiki, ya sha gaya mini ruwan damina daga gabas yake bugowa.

Yau a gaban kwamitin aikin Sanusi ya warware takardar zanen, sai ga ƙofa ta koma gabas, wai don manyan baƙi daga Bagudo su hango ta tun suna mota. Ya ce mu biyu muka yarda. Jiya ma kwano ɗaya muka ci, bai ce mini uffan ba. Baba na zaune a wurin yana ji, ni kuma na bar maganar ta wuce.

Da muka fito Baba ya riƙe hannuna. "Ɗana, kai ka zana wanga?"

Na ce, "Sunana ne a ƙasan takardar, Baba."

Ya ce, "Damina biyu kawai ƙofar za ta yi."

Ya saki hannuna. Kullum ni ke kai shi gida a babur. Yau da ƙafa ya tafi.