Zumata Ce Yake Sayarwa Da Sunan Maganin Ciwon Daji

Zuwa ga Shugaban masu maganin gargajiya na kasuwar Maigatari.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Sani mai zuma ne daga Gagarawa. Sau biyu ina zuwa rumfarka ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Duk ranar Alhamis wani daga cikin mutanenka yana kafa mota da lasifika a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, yana ɗaga wata takarda yana cewa masana sun tabbatar zuma tana kashe ciwon daji. Yayata Hajiya Rabi tana sayar da abinci a nan kusa, tana kuma fama da dajin mama. Likitoci a Kano sun sa mata ranar aiki, Litinin mai zuwa. Tun da ta ji lasifikar nan ta ce ba inda za ta.

Na biyu. Na kai wa likitanta hoton takardar. Ya ce binciken gaskiya ne, amma sinadaran da ƙudan zuma ke kwasowa daga furanni aka tace, aka ɗiga wa ƙwayoyin cutar a faranti a ɗakin gwaji, aka ga suna mutuwa. Ba wanda ya ce shan cokali uku da safe zai narkar da ƙari a jikin mutum. Wannan ɓangaren mutuminka ba ya karanta shi.

Na uku, kuma shi ne ke hana ni sukuni: zumar da yake sayarwa tawa ce. A hannuna yake sayen jarka, ya ɗura a kwalabe ya manna takarda. Na gane ta da ɗanɗano a ɗakin Yaya. Ni ba na musun akwai waraka a zuma, da ita nake ci da iyalina. Amma wallahi ban taɓa ce wa kowa ya bar asibiti ba. Na daina sayar masa, ya koma wajen wani.

Na yi wa Yaya magana har na gaji. A wurinta ni ƙane ne da ta goya, mai lasifika kuwa malami. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe, domin hannunta ya fara kumbura.

Roƙona guda ne. Alhamis ɗin nan ita ce kasuwa ta ƙarshe kafin Litinin. Ka sa shi ya tsaya a inda ya saba, da lasifikar da ya saba, ya ce wanda likita ya sa wa rana ya je. Daga bakinsa kawai za ta yarda.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare iyalinka daga wannan cuta. Na riga na kama mana kujera biyu a motar Kano ta safiyar Litinin. Ka taimaka kada ɗaya ta tafi ba kowa.

Wassalam.
Sani mai zuma, Gagarawa.