Takardun da Baba Ya Ajiye Maka

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan Ƙanƙara sai godiya.

Ranar Talata masu wuta suka zo da tsani suka yanke mana layi. Na dawo daga makaranta na tarar da na'urar da ke ba Baba iskar numfashi a kashe, shi kuma yana jingine a zaure, numfashi na fita da ƙyar. Maƙwabcinmu Malam Idi tela ne ya rufe shago, ya kawo janaretansa.

A ofishinsu aka ce wata biyar ba mu biya ba. Na ce ba a kawo mana takarda ba. Ashe ana kawowa. Da yake kai ka jawo wutar, sunanka ne a jiki, Baba kuma sunanka kaɗai yake ganewa a boko. Duk wadda aka miƙa masa sai ya ninke ya sa a akwatinsa. Da na tambaye shi, ya ce, "Takardun Kabiru ne, Rabi. Ba a buɗe wa mutum takarda. In ya zo ya karanta abinsa."

Na biya, an mayar da wuta bayan kwana biyu, jikinsa kuma da sauƙi. Takardun kuwa ya hana ni taɓawa.

Ka sa shi a addu'a, ka gaishe mana da kowa. Shekara uku ta yi yawa, Yaya. Ka zo ka karɓi takardunka.

Ƙanwarka,
Rabi