Allo a Bangon Rumbu

Kurudu, kusa da Karu
Damina, 1967

Zuwa ga Goggo Azumi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya mutanen Zariya? Mu lafiya lau, sai dai ruwa ya cinye hanya, kuma tun da aka turo Maigida aikin malamin gona nan ban ga fuskar ɗan gida ba. Amma ba komai.

Kin ce in turo miki 'yata Zulai tunda makaranta ta yi mana nisa. Goggo, na buɗe tawa! Na shafe bangon rumbu da garin gawayi ya zama allo, farar ƙasa ce allinmu. Farkon mako baƙaƙe, Alhamis lissafi. Da gyaɗa muka fara ƙirge, sai Zulai da Alice, 'yar maƙwabciyata, suka cinye kafin a kai goma. Yanzu tsakuwa muke ƙirgawa.

Don Allah ki aiko mana da fensir da daddawa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ki yi haƙuri, Goggo, ba zan iya rabuwa da ita ba. Dubi ƙasan takardar nan, rubutun hannunta ne, ban kama mata ba.

Taki,
Asta

Goggo ina gaishe ki. Ni ce Zulai. Na iya.