Sammacin da Aka Aiko wa Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan, ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙafarta, ta ƙi taɓa sandar da ka aiko, wai ita ba ta tsufa ba. 'Yan biyu sun shiga sakandare, har sun fara gyara mini magana.

Yaya, hankalina a tashe yake saboda Auta. Na san ka ji cewa jam'iyyar nan ta sauya ɗan takararta na shugaban ƙasa ana dab da zaɓe, bayan an rufe karɓar sunaye. Doka ba ta yarda da sauyi a irin wannan lokaci ba, sai in mutum ya rasu, ko ya janye da kansa, ko ciwo ya kayar da shi. Jam'iyya ta ce ciwo ne. Dattijon da aka cire ya ce ƙalau yake, ya kai ƙara. In kotu ta ba shi gaskiya, sabon ɗan takarar ya tashi a tutar babu, ƙuri'unsa duk sun bi ruwa. Abin da ba ka sani ba, Autanmu ne likitan dattijon, kuma kotu ta aiko masa da sammaci ya zo ya ba da shaida.

A kicin ya same ni ina wanke-wanke. Ya zauna a kan bokitin da na kife, da farar rigarsa ta asibiti. Ka san shi da surutu, tun yana yaro sai an roƙe shi yake yin shiru, amma ranar sai da na yi ta jan maganar daga bakinsa. Ya ce ciwon gaskiya ne, har ya wuce magani, kuma dattijon bai sani ba. Matarsa ce ta roƙi Auta da kuka a bar mijinta ya gama yawon neman ƙuri'a da ƙarfin zuciyarsa. Shi kuma da tausayin nan nasa ya yi ta jinkirta gaya masa. Wannan ka bar shi a cikinka.

Lauyan Auta ya gargaɗe shi kada ya kusanci kowane ɓangare kafin ranar shaida, don in an gan shi za a ce an haɗa baki, hukumar likitoci kuma tana iya karɓe lasisinsa. Ni ma na bi bayan lauya. Na tuna masa wahalar da aka sha kan karatunsa, na ce rigakafi ya fi magani, kuma ya fi ni sanin haka. Ya ce to.

Ashe “to” ɗin nan iyakarsa baki. Washegari da hantsi ya tuƙa motarsa har gidan dattijon, 'yan jarida na tsaye a bakin ƙofa, ya shiga ya zaunar da shi ya gaya masa komai. Kafin la'asar hoton motar ya zaga wayoyi. An kai ƙorafi, hukuma ta dakatar da shi daga aiki har a gama bincike. Na yi fushi, Yaya, na faɗa masa maganganun da har yanzu suke ci mini rai. Na yi ta yi har na gaji. Sannan ya ce ba zai bari mutum ya fara jin labarin ciwon ajalinsa a gaban alƙali da abokan hamayya ba. Mara lafiyarsa ne kafin ya zama ɗan takarar kowa. Ya ce dattijon bai yi maganar ƙara ba sam, hannunsa kawai ya riƙe ya tambaye shi ko zai ga ranar zaɓen.

Ban san yadda shari'ar za ta kaya ba. Inna dai tana zaton hutu aka ba Auta. Jiya na leƙa ɗakinsa na tarar ya goge farar rigar ya rataye a bayan ƙofa, kamar mai fita da safe. Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Amma kada ka yi masa faɗa, na riga na yi wanda ya ishe mu ni da kai.

Ka gaida Anti da yaranku, Ƙaramar Inna da Sarkin Rigima. Gwaggo da 'yan biyu suna gaishe ka. Ka sa Auta a addu'a.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu